Isnadin Buhu

Shekara ashirin da shida ina akawu
a ƙungiyar 'yan hatsi ta Sabon Gari,
biro a kunne, littafi mai baƙin bango a hammata.
Masarar Giwa, waken soyan Soba,
busasshen barkonon Hunƙuyi mai sa sito atishawa,
duk ta ƙarƙashin hannuna suke bi.

Sai kamfanin da ke kwashe masararmu ya aiko:
daga bana ba ya karɓar buhu marar asali.

Ramlatu ta zo daga Samaru da waya a hannu,
ta ce sunan abin bulokcen.
Muka juya kalmar a baki kamar tsakuwa a shinkafa.
Jatau mai awo ya ce, "Bulo kuma? Gini za mu yi?"
Ta ce, "Littafi ne, Baba, amma ba a hammatar kowa yake ba.
Kwafi na wurin manomi, na wurin direba,
na sito, na kamfani.
Abin da aka rubuta ya zauna,
sai dai a ƙara layi a ƙarƙashinsa."

Liman Shu'aibu ne ya fara ganewa.
Ya ce, "Ai isnadi ne.
Wane ya karɓa daga wane, daga wane,
har a tuƙe ga mai gona."
A garin da ake tambayar malami wa ya karantar da shi,
ba mu ga laifin a tambayi buhu ba.

Aka liƙa wa kowane buhu 'yar takarda
mai ɗige-ɗige baƙi da fari.
Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.

Wata uku muna rigima.
Sabis ya ɗauke ranar kasuwa,
tirela biyu suka kwana a Kwangila.
Alhaji Jumare, wanda ƙasan buhunsa
bai taɓa kama da samansa ba,
ya tattara ya koma wata ƙungiya.
Muka sayi sola. Muka gyara dokarmu sau biyu.
Muka gane abin ba ya shinshina hatsi:
in ka ba shi ƙarya da safe
zai riƙe maka ita amana har abada.
Don haka Jatau bai ajiye ma'auninsa ba,
yana nan yana zura hannu har gwiwa
kafin a danna komai.

Ni abin da ya hana ni barci daban ne.
A tsohon littafi, shafi na casa'in,
akwai wurin da takarda ta yi laushi.
Bashin takin Mati ne,
shekarar da Galma ta cika ta cinye masa gona.
Na goge da yawu da ɗan yatsa,
shugaba ya kau da kai yana duban silin.
Wannan sabon bai san kara ba.

Bara Dije, matar marigayi Iro, ta gaza buhu huɗu.
Ga shi nan a wayar kowa, ƙiri-ƙiri.
Na ce, "Ramlatu, ba dama?"
Ta ce, "Gogewa dai babu."
Aka yi shiru, har ana jin tattabaru a kan kwano.
Liman ya gyara zama ya ce,
"To a ƙara layin."

Muka ɗaga hannu, mu goma sha ɗaya.
Da wannan yatsan da ya saba gogewa a ɓoye
na danna harafi ɗaya-ɗaya, ina kuskure ina komawa:
an yafe.

Yanzu yana wurin direba, yana sito,
yana can ofishin da ban taɓa gani ba.
Har yau ban san ko mun rufa mata asiri
ko mun tona ba.
Ita dai ta aiko mini da ƙullin daddawa.

Littafin mai baƙin bango yana gida, ƙarƙashin katifa.
Jikata tana zanen mota a sauran shafukan.